Shahidai mata masu suna ɗaya: a daina haɗe su a zama mutum guda

A tsohuwar addu'ar Mass (babbar ibadar cocin Katolika), wadda ake kira Kanon na Roma, akwai jerin mata bakwai da suka yi shahada: Felisitas, Perpetuwa, Agata, Lusiya, Agnes, Sisiliya da Anastasiya. Firistoci sun shafe ƙarnoni suna karanta su, amma har yau masana na ja-in-ja kan ta farko. Wace Felisitas? Domin su biyu ne, kuma ban da suna da mutuwa saboda imani, babu abin da ya haɗa su.

Ta Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, baiwa ce. An kama ta a shekarar 203, zamanin Sarki Septimiyus Seberus, tare da Perpetuwa, 'yar gidan manya mai shekara 22 da goyo a hannu. Felisitas na da cikin wata takwas, dokar Rumawa kuwa ta hana kashe mai ciki. Damuwarta ita ce kada a kashe 'yan uwanta a bar ta a baya, daga bisani a haɗa ta da masu laifi na gama-gari. Ana gab da ranar sai naƙuda ta zo mata a kurkuku, ta haifi 'ya mace, wata Kirista ta karɓi jaririyar ta raina. Da wani mai gadi ya yi mata ba'a cewa idan haihuwa ta sa ta kuka haka, me za ta yi gaban namun daji, sai ta amsa masa cewa yanzu ita ke shan wahalar, amma a can wani zai kasance a cikinta ya sha domin ta. A dandalin wasanni aka sako musu mahaukaciyar saniya, sannan takobi ya ƙarasa su. Labarin ya zo mana ne daga rubutun da aka yi a zamanin, wani ɓangarensa ma Perpetuwa ce ta rubuta daga kurkuku.

Ta Roma kuwa, an ce mace ce mai dukiya da mijinta ya rasu, aka kashe 'ya'yanta bakwai maza a gabanta wajen shekarar 165. Kabarinta sananne ne a kan hanyar Salariya, ranarta 23 ga Nuwamba. Amma labarin 'ya'ya bakwai ya yi kama sosai da na uwar da ke littafin Makabiyawa na biyu, kuma an rubuta shi ne bayan ƙarnoni.

Ra'ayina shi ne, raba waɗannan takwarori hakki ne da ake bin mu. Idan aka dama labarai biyu, wanda ya fi daɗin faɗa a mumbari shi ke haɗiye ɗayan, kuma mace ta gaske ce ke ɓacewa.

Wanda ke ganin wannan hayaniyar malamai ce kawai, ya duba abin da ya sami Maryamu Magadaliya. A shekarar 591 Fafaroma Giregori Babba ya yi wa'azi ya ce ita ce Maryamu ta Betanya, 'yar'uwar Marta da Li'azaru, kuma ita ce mace mai zunubi da ta shafe ƙafafun Yesu a Luka sura 7. Linjila ba ta faɗi sunan wannan mai zunubi ba, ba ta kuma taɓa kiran Magadaliya karuwa ba. Abin da ta ce shi ne an fitar da aljanu bakwai daga jikinta, kuma Yohanna ya nuna ita ce ta fara ganin Yesu bayan tashinsa. Cocin Gabas, wato na Otodoks, bai taɓa yarda da haɗin ba. A Yamma kuwa tambarin ya manne mata fiye da shekara dubu, har a Ayalan aka sa sunanta a gidajen wanki inda ake tsare matan da aka ce sun lalace, ana sa su aiki ba lada. Na ƙarshensu sai a 1996 aka rufe shi. Cocin Katolika ya raba matan uku a kalandarsa a 1969, Fafaroma Faransis kuma ya ɗaga darajar ranarta, 22 ga Yuli, a 2016. Gyara ya zo, amma bayan ɓarna ta yi nisa.

Masu suka za su ce mai ibada darasi yake nema, ba takardar haihuwa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Mutanen Barcelona, garin da matasanmu suka sani ta ƙwallo, suna da tasu shahidiyar mai suna Yulaliya, babban cocinsu na ɗauke da sunanta, har suna kiwon dinya 13 a harabarsa, adadin shekarun da aka ce ta yi a duniya. Mutanen Merida, a Sifaniya ɗin dai, su ma suna da Yulaliya, yarinya mai kusan shekarun nan, wadda aka kashe a tsanantawar da Sarkin Roma Diyokletiyan ya yi wa Kiristoci wajen 304. Babu mai cewa a je a ƙwace wa Barcelona bikinta na 12 ga Fabrairu.

Sai dai girmama biki daban, faɗin gaskiya daban. Musulmi mai karatun hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin akwai fanni sukutum, al-muttafiƙ wal-muftariƙ, na tantance maruwaita masu suna ɗaya, kuma ba wanda ya ce hakan rashin ladabi ne. A ɓangaren Kirista, firistocin Katolika na ƙungiyar Jesuit da ake kira Bolandiyawa suka fara wallafa irin wannan aiki tun 1643, kuma ma'auninsu mai sauƙi ne: ina kabarin, wace rana ce ake tunawa da ita, kuma yaushe aka fara rubuta labarin?

A gwada Yulaliya da wannan ma'auni. Ta Merida, mawaƙi Prudensiyus ya yi mata waƙa wajen shekarar 400, kusan ƙarni ɗaya kacal bayan mutuwarta, ranarta kuma 10 ga Disamba. Ta Barcelona sai bayan ƙarnoni sunanta ya fara bayyana a rubuce, da labari kusan iri ɗaya. Nan ne masana da yawa suka karkata ga cewa yarinya ɗaya ce gari biyu suka raba, kuma ni ma can na karkata.