Saura Mutum Ɗaya

Darakta ya iso teburin Iliya mai shayi a Kubwa da takarda naɗe a hammata kamar dardumar sallah. Shekararsa tara da yin ritaya, kuma a mataimakin darakta ya ajiye aiki, amma duk wanda ya saka masa "mataimaki" ba ya samun amsar sallama.

Darakta: Iliya, kwashe gwangwanayen madarar nan, ina son fili.

Iliya: Baba Darakta, takardar fuloti ce?

Darakta: Jadawali ne. Gari biyar a kwana huɗu. Kaduna, Zariya, Kano, Bauchi, Jos, in dawo in yi isha'i a masallacin layinmu. Ko minti ɗaya ba zai zube ƙasa ba. Lokacin da na je kwas Jamus a 1987...

Sati biyu ya yi a Jamus. An kusa shekara arba'in ana shan labarin. Ɗanliti ɗan kamasho, da ke can ƙarshen benci yana tsoma burodi, ya matso.

Ɗanliti: Yallaɓai, a karanto mana mu ƙaru.

Darakta: To buɗe kunne. Jirgin ƙasa na safe daga Idu, ni zan tare shi a nan Kubwa. Kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa. Tun da aka buɗe layin a 2016 nake nazarinsa. Ina sauka, na ba kaina minti shida in shiga motar Zariya.

Ɗanliti: A ina?

Darakta: A Kaduna mana.

Ɗanliti: Yallaɓai, Rigasa daban, Kawo daban. Sai ka hau Keke ka keta gari, ga cunkoso, ga mai Keken zai tsaya shan mai. Minti shidan nan ko ciniki ba ku gama ba.

Darakta: Ba na ciniki. Na rubuta kuɗin a nan.

Ɗanliti: Shi mai Keken ya ga takardar?

Darakta: Za a nuna masa. Daga nan, motar Zariya za ta tashi sha ɗaya da minti arba'in.

Ɗanliti ya ajiye burodi. Ya yi dariya har Iliya ya zo ya riƙe masa kofi kada ya kife.

Ɗanliti: Wa ya ce maka?

Darakta: Lissafi.

Ɗanliti: Ranka ya daɗe, shekarata ashirin a tasha. Mota ba ta san agogo ba, kujera ta sani. In ta cika ta tashi, in ba ta cika ba ko gwamna ne a ciki sai ya sayi gyaɗa ya jira.

Darakta: A Jamus, in an ce bakwai da minti uku...

Iliya: Baba, a sa maka ƙwai biyu ko uku?

Darakta: Biyu, kada ka katse ni. A Zariya zan gaida kawun Hajiya a Tudun Wada. Minti huɗu.

Iliya: Huɗu? Tsoho?

Darakta: Na gwada da agogo a ɗaki. Ina wuni, daƙiƙa uku. Ina gajiya, uku. Ya iyali, ya jiki, ya muka ji da zafi, duka ba su kai minti ɗaya ba. Sauran ukun na addu'a ne. Har canji ya ragu.

Iliya: In ya ce a kawo fura fa?

Darakta: Babu fura a jadawali.

Iliya: In ya fara labarin zamanin Sardauna?

Darakta: Sai in miƙe.

Ɗanliti: Ka miƙe a gaban surukinka yana magana? Wallahi kafin ka kai Kwangila labari ya riga ka zuwa Kano.

Darakta ya ciro jan biro ya mayar da huɗu biyar. Ya dubi jama'a kamar wanda ya ba da kyautar doki.

Darakta: Kano kuwa na tsara ta kamar faretin soja. Dutsen Dala, hawa da sauka, minti ashirin. Marinar Ƙofar Mata, goma. Gidan Makama, sha biyar. Kasuwar Kurmi, ratsawa kawai zan yi.

Iliya: Da wannan gwiwar za ka hau Dala?

Darakta: Gwiwata ta hau benen ma'aikata hawa tara duk ranar da aka ɗauke wuta, shekara talatin. Ka lissafa ranakun da kanka.

Nan kam babu wanda ya yi masa musu, don duk wanda ya taɓa aiki a sakatariya ya san na'urar hawa bene ado ce.

Darakta: To ga inda basira take. Ɗan boko na ƙarya zai dawo ta hanyar da ya bi. Ni kuwa daga Jos zan hau ƙaramin jirgin ƙasa in yanke zuwa Zariya in kama hanya. Ga layin nan a taswira.

Iliya ya leƙa. Ɗan Jos ne, kakansa a haƙar kuza ya tsufa.

Iliya: Baba, wannan taswirar ta wace shekara ce?

Darakta: Ta makarantarmu ce. Ba a yin irinta yanzu.

Iliya: Ai shi ya sa. Wannan jirgin kuza ne na Turawa, an rufe shi tun 1957. Kakana ma a labari yake ba mu. Yanzu in ka ce Taminus a Jos, kasuwa za a kai ka, ka sayi dankalin Turawa da kabeji.

Darakta: Ba a sanar da ni ba.

Ɗanliti: Shekararka nawa a lokacin?

Darakta: Wannan ba hujja ba ce. Gwamnati takan fitar da sanarwa. To shi ke nan, na soke. Daga Jos mota, ta Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, gida. Amma Yankari tana nan. Wanka a ruwan ɗumin Wikki, minti sha ɗaya.

Iliya: Daga garin Bauchi zuwa can ya fi kilomita 100. Za ka yi wannan tafiyar don minti sha ɗaya?

Darakta: Har da cire kaya. Giwaye kuma na ba su daga uku zuwa uku da rabi.

Ɗanliti: A aika musu kwafi.

Waya ta yi ƙara. Darakta ya sa ta a sifika, don jama'a su ji yadda ake tafiyar da gida.

Hajiya: Alhaji, ka sa ta'aziyyar gidan Baba Tanko a Unguwar Rimi?

Darakta: Babu gurbi.

Hajiya: Ka nemo. Sai barkar haihuwar 'yar Yaya Binta a Samaru, da sunan jikan Inna a Fagge. Kuma zan shiga Kantin Kwari, atamfa biyu kawai zan duba.

Darakta: Hajiya, rabon da ki duba atamfa biyu kawai tun auren Abba, kuma ranar sai da aka rufe kasuwa a kanmu.

Hajiya: Jakar bakko huɗu ce, da buhun shinkafar Kawu.

Darakta: Na rubuta jaka ɗaya kowa!

Hajiya: To ka rubuta huɗu, ba biro ne a hannunka ba? Ka ma sayi tikitin?

Shiru. Iliya ya juya ƙwai.

Darakta: Sayen tikiti yana shafi na uku.

Ya buɗe waya. Aka nemi lambar NIN, ya tafi laluben ta a aljihun babbar riga, ya fito da katin asibiti, da rasit ɗin taki, da goro rabi. Da ya samo ta, intanet ta ɗauke. Da ta dawo, abin nan ya yi ta juyawa a fuskar waya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Da ya tsaya, kujeru sun ƙare. (Wannan wurin ba barkwanci ba ne, wanda ya sani ya sani.)

Hajiya: Ni dai Sani zai wuce Zariya da asuba a motarsa, zan bi shi da kayana. Mu haɗu gidan Kawu.

Darakta: Motar gida ba tsari ba ce! Hajiya? Hajiya!

Ɗanliti: Yallaɓai, kwantar da hankalinka. Gobe ka same ni Zuba ƙarfe shida. Ina da motar Kaduna, gidan gaba naka ne kai kaɗai. Sai ka riga jirgin ma.

Darakta: Shida daidai za ta tashi?

Ɗanliti: In Allah ya yarda.

Darakta: Ban tambayi wannan ba.

Ɗanliti: Shi ne amsar da muke da ita a tasha.

Shida saura kwata Darakta na gidan gaba, babbar riga ta sha sitaci, hula zanna, jadawali a cinya. Baya cike da mutane, kowa ya yi jugum.

Ɗanliti: Kaduna! Kaduna! Saura mutum ɗaya!

Bakwai ta yi. Wata mata ta shiga da goyo, sai wani saurayi ya sauka wai zai kama ruwa, bai dawo ba. Takwas, wani ɗan kasuwa ya shiga, wani dattijo ya sauka wai ya manta carbinsa.

Darakta: Kai Ɗanliti, zo nan. Tun ɗazu mutum ɗaya ya rage. Biyu sun shiga. A lissafina mun wuce cika da ɗaya.

Ɗanliti: Yallaɓai, yi a hankali. Waɗancan yaranmu ne, 'yan cika ido. Fasinja ba ya shiga motar da babu kowa.

Darakta: To fasinjan gaske nawa ne?

Ɗanliti: Da kai, uku.

Darakta: Zamba! Zan rubuta takarda! A Jamus...

Ɗanliti: Rubuta, ranka ya daɗe. Amma gaskiya ɗaya ce, tun da nake lodi ban taɓa samun wanda gidan gaba ya yi wa kyau kamarka ba. Matar can motar gaba za ta shiga, tana hango hularka ta juyo. Cewa ta yi motar da babban mutum irin wannan ya zauna ba za ta daɗe ba.

Darakta: Haka ta ce?

Ɗanliti: Har tambaya ta yi ko minista ne.

Darakta ya gyara zaman hula. Ya sauke gilashi ƙasa sosai, ya ɗora gwiwar hannu a taga yadda aikin rigar zai fito. Waya ta yi ƙara, Hajiya ce, wai sun wuce Jaji, a ajiye masa fura ko kada a ajiye? Ya kashe.

Wani malami da jaka a kafaɗa ya tsaya yana leƙen motar, yana duban agogo.

Malamin: Ranka ya daɗe, don Allah ta kusa tashi? Sauri nake.

Darakta ya dube shi sama da ƙasa, ya naɗe jadawali ya tura ƙarƙashin kujera.

Darakta: Shigo, malam. Saura mutum ɗaya.