Fir'auna ma a ɗakin ƙasa yake kwana

Shekara huɗu ke nan ina zaune a Alƙahira. Duk baƙon da ya zo mini daga gida, ɗan kasuwa ne ko mai neman magani ko sabon ɗalibi, kafin ya gama sauke jaka zai tambaya yaushe za mu je ganin dala. Mukan je kuwa. Mutum ya tsaya a gindin dalar Kufu a Giza, ya ɗaga kai sai ya dafe hula, a gaya masa tsayinta na asali mita 146 ne, duwatsun da ke jikinta sun kai miliyan 2.3, kuma ta yi kusan shekara 4,500 a tsaye. Sai ya yi tsit. A mota kan hanyar komawa kuma, kusan kullum magana guda ce ke fitowa: "Mu dai namu kakannin laka suka yi ta kwaɓawa."

Maganar nan tana sosa mini rai, domin ni jikan magini ne. Na tashi a cikin birnin Kano ina ganin kakana da almajiransa suna haƙo jar ƙasa, su zuba mata ruwa da ciyawa, su tattake ta da ƙafa, su bar ta ta kwana biyu ta tsumu, sannan a zauna a dinga cura tubali da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a jera a rana. In gini ya yi sama Malam yakan hau kan katangar ya zauna kamar mai hawan doki, yaro na ƙasa yana cilla masa tubali, yana cafewa yana dasawa ba tare da ya ko kalli hannunsa ba. Don haka in an raina laka a gabana, mutumin nan nake gani.

Yanzu ba na musu a mota. Sai dai in ce wa baƙona gobe mu je Saƙƙara, kudu kaɗan da Giza. A can dalar sarki Zosar take, mai hawa shida, wadda ta girmi ta Kufu da kusan shekara 100, kuma ita ce babban gini na farko da Misirawa suka yi da dutse zalla. Sunan wanda ake jingina wa aikin Imhotaf. Kafin ka kai ga dalar akwai wani dogon zaure da ake bi. Ina shiga na ɗaga kai ranar farko, gabana ya faɗi: azara na gani. An sassaƙa dutsen rufin ya zama kamar an jera gungumen dabino ɗaya kusa da ɗaya, daidai yadda muke jera azarar giginya. Ginshiƙan kamar an ɗaure damin kara. Ƙofar dutse ce, an sassaƙa ta a buɗe da siffar ƙyauren katako, ba za ta taɓa rufuwa ba. Duwatsun katangar ma ƙanana ne, ba su yi kusa da na Giza ba, don hannun da ya jera su da bulon ƙasa ya saba. Magina ne na laka da kara aka danƙa wa dutse, suka kwaikwayi abin da suka iya a kansa.

Daga nan na fara lura da abin da masu yawo da baƙi ba su cika faɗa ba. Kusan duk abin da muke zuwa kallo a Masar ɗayan biyu ne, ko kabari ko ɗakin bauta. Ina gidajen mutane? Ina fadar sarki? Da ƙasa aka yi su. Fir'auna Aminhotaf na Uku, wanda ya mulki Masar a lokacin da take ganiyar arzikinta, fadarsa da ke Malƙata a yammacin Luksor da bulon ƙasa aka gina ta, aka yi mata yaɓe, aka yi wa bango da rufi zanen tsuntsaye da furanni. Ɗansa Akinatan da ya kafa sabon birni a Amarna, gidajen manya da na talakawa duk na ƙasa ne. Wani marubucin Girka na zamanin da, Diyodoras, ya ce Misirawa suna ɗaukar gidan mai rai a matsayin masauki, kabari kuma shi ne gidan dindindin. Kowane ɗan makarantar allo ma ya karanta a Suratul Ƙasas cewa da Fir'auna ya so a gina masa dogon bene, Hamana ya umarta ya hura masa wuta a kan yumɓu.

Da na sami hutu na bi jirgin ƙasa na dare zuwa Luksor, na haye kogin Nilu zuwa yamma. Mutane suna tururuwa zuwa Kwarin Sarakuna, inda kaburburan fir'aunoni suke, ni kuwa inda ya riƙe ni shi ne Dairul Madina, ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan nan suka yi musu zane. Gidaje kusan 70 ne a cikin katanga, manne da juna, lungu ɗaya ya ratsa tsakiya, matsattse kamar lungunan Yakasai. Tushen dutse, sama ƙasa. Ka shiga ɗakin farko, ka wuce na biyu inda maigida yake zama da baƙi, can ciki madafi, ga matakala ta hau saman soro inda ake shan iska. Wanda ya taɓa kwana a saman soro da bazara bai buƙatar a yi masa bayani. Mutanen nan ne, a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, suka ajiye kayan aiki suka tafi suka zauna a bakin ɗakunan bauta saboda hatsin albashinsu ya yi jinkiri. Hannun da ya yi zanen da duniya ke biyan kuɗi ta kalla, a ɗakin laka yake wanke fenti ya ci tuwonsa.

A kusa da nan akwai kabarin Rakmire, wazirin Tutmos na Uku. A bangonsa an zana masu yin bulo, kuma na daɗe a gaban zanen fiye da yadda mai gadi ya so. Ga tafki da itatuwa kewaye da shi, ga biyu suna ɗibar ruwa da tulu, ga wasu suna sarar ƙasa da fartanya suna cuɗawa, wani ya ɗauko a kwando a kafaɗa, wani ya durƙusa yana jera bulo a rana. An zana su yadda Misirawa suke zana kowa, fuska a gefe, ido da ƙirji suna kallonka, ƙafafu suna tafiya. Bambancin da na gani da aikin kakana guda ne: su da akwatin katako suke buga nasu ya fito da kusurwa huɗu, mu da tafin hannu muke cura namu. Har yau Bamisire "ɗub" yake ce wa bulo, kalmar da masana suka bi sawunta har zuwa harshen fir'aunoni, kuma ban taɓa jin ta ba tare da tubali ya faɗo mini a rai ba.

Sai Ramisiyum, ɗakin da Ramsis na Biyu ya gina don a riƙa tunawa da shi. A farfajiyar akwai katafaren gunkinsa na dutse, ya faɗi ya tarwatse, kafaɗa can ƙafa can. Ka zagaya baya kuma sai ka tarar da rumbunan ajiyar hatsi da mai, dogaye, rufinsu a lanƙwashe kamar baka, duk da bulon ƙasa, suna nan a tsaye bayan shekara fiye da 3,200. In ka matsa kusa za ka ga ƙaiƙayi da tsinken ciyawa a jikin bulon. Jere-jeren a kishingiɗe suke, kowane ya jingina da na bayansa, shi ya sa aka iya rufe saman ba tare da an tokare shi da katako ba. Mu tamu dabarar daban ce. Babban Gwani Mika'ilu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu wajen shekarun 1830, azara ya dinga ɗorawa kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure a lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya haɗe a sama ya ɗauki tulluwa. Na shiga duka biyun, kuma ban ji cewa na Zariya ƙanin wani ba ne.

Ba ina cewa aikinmu da nasu ɗaya ba ne. Mutanen da suka yanko dutse a Tura, suka ɗora a jirgin ruwa suka tsallaka da shi Nilu zuwa Giza sun yi abin da ba mu yi ba. A 2013 aka gano takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merar a Wadil Jarf, bakin Bahar Maliya, inda yake rubuta aikin tawagarsa kwana bayan kwana. Lissafi ne da tsari da rubutu wanda dole a sara masa. Amma a duba me aka yi da duk wannan ƙarfi: ɗaki ɗaya don gawa ɗaya. A wurinmu sarki da talaka ƙasa ɗaya ke rufe su, kabarin da kaɗan ya ɗara ƙasa tudu, kuma ban taɓa jin ina ma a ce ba haka ba ne. Ƙarfin kakanninmu ya tafi ne kan abin da masu rai za su amfana da shi: ganuwar Kano da Sarki Gijimasu ya fara, wadda a 1903 igwar Turawa ta kasa hudawa sai ƙofa suka fasa, Gidan Rumfa da har yau ake zaune a ciki, hasumiyar Gobarau a Katsina, hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27.

To me ya sa tasu lakar ta kai yau, tamu take zubewa a kan idonmu? Da farko ruwan sama. A Luksor shekara kan wuce ba a ga ɗigo ba. A Abidos akwai wata katangar ƙasa da ake kira Shunatuz Zabib, ta girmi dalar Zosar, har yanzu tsayinta ya haura mita 10, domin babu damina da za ta lashe ta. Ginin Kano kuwa kowace Agusta sai ya sha duka. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka yi wa gini magani. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba a shafe bango da ita. Ana haɗa katsi daga marina da gashi daga majema da dafara a yi laso a shafe rufi. Ana sa indararo mai tsawo ya watsa ruwa nesa da gindin katanga. Kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana bin gida a toshe tsaga a sabunta yaɓe, ganuwa kuma a yi mata gayya. Ginin Bahaushe kamar doki yake, sai da kiwo. Da aka daina kiwon ne ya fara mutuwa.

Mu muka daina kuwa. An sassare ganuwa an yi shaguna, an ɗebi ƙasarta an cike kududdufi. Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi. Abin da ya fi ci mini rai kuwa a gidanmu ya faru. Ina nan aka bugo mini waya cewa an rushe sashen baya, an sa bulon siminti da kwano, saboda dangin amaryar ƙanina sun ce 'yarsu ba za ta shiga ɗakin ƙasa ba. Ban ga laifin yarinyar ba, abin da ta tashi ta ji ke nan, cewa ƙasa alamar talauci ce. Da na je gida da bazara na shiga sabon ɗakin da azahar, minti biyar ban yi ba na fito gumi sharkaf. Su kansu ma'auratan a tsohon zauren kakana na same su, sun shimfiɗa tabarma, don can ne kaɗai ake iya numfashi in babu wuta.

Misirawan yau ma ba su tsira daga wannan ciwo ba. Tun da aka gama madatsar Aswan a 1970 kogi ya daina kawo musu sabuwar laka kowace shekara, kuma ƙauyukansu yanzu jan bulo ne da rodi a tsaitsaye a saman rufi. Maginin nan nasu Hassan Fathi ya yi ƙoƙari. A shekarun 1940 ya ɗauko magina daga yankin Nuba waɗanda ba su manta dabarar rufin baka ba, ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna da ƙasa, tafiyar 'yan mintuna daga rumbunan Ramsis. Na je na gani. Masallacin yana nan da sanyinsa, amma gidaje da yawa an rushe su an ɗora siminti. Sai dai su aƙalla sun sa mai gadi da igiya a kan tsohuwar lakarsu, masana suna zuwa suna buga sabon bulo suna tallafe katangar Abidos kada ta kife. Mu kuwa almajiran kakana da suka rage a raye ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma babu ɗan ko ɗaya daga cikinsu da ya gaji sana'ar.

Makon jiya na yi waya da Kawu. Ya ce zankon da ke kusurwar zaure ya tsage, kuma wasu a gidan suna cewa a sauke zauren gaba ɗaya a huta. Na ce masa, "Kawu, don Allah ku dakata mini." Na tambaye shi ko tsohon nan da ya yi aiki da Malam yana iya hawa gini har yanzu. Ya ce hawa kam ya daina, amma in an ajiye masa kujera a inuwa zai iya nuna wa yara yadda ake yi. Na tura abin da ya sawwaƙa na ƙasa da makuba, na kuma roƙi a sa ɗan ƙanwata, mai shekara 12, ya tsaya a wurin tun daga kwaɓi har shafe. Kawu ya ce za a fara ranar Asabar in Allah ya kai mu, don hadari ya soma haɗuwa ta gabas.