Dukanci ba a koyon shi cikin kwana uku

Kun dai ga hotunan da suke yawo tun jiya. An jera matasa a zauren otal, kowa riƙe da takardar shaida, an ce wai an yaye su, sun koyi jima da dukanci cikin kwana uku. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dattijon badukun da aka ɗauko aka zaunar da shi can gefe, ba a ba shi lasifika ba, ba a tambaye shi komai ba, sai da lokacin hoto ya yi aka jawo shi tsakiya. Wallahi wannan wulaƙanta sana'a ne, kuma wulaƙanta mutumin nan ne. A Sakkwato fa! Garin da fatar jar akuyarsa ta ƙetare hamada bisa raƙuma tun zamanin kakanni, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko don ta can ta bi ta iske su.

Sana'ar hannu ba a koyon ta a taron bita. Wajen mai ita ake koyo, a zauna da shi shekaru. Magana ta ke nan, kuma ba zan gaji da maimaita ta ba.

Duk wanda ya taɓa shiga majema ya sani. Kafin ɗan koyo ya riƙe kartaji, wato ƙarfen kankare fata, sai ya daɗe yana ɗebo ruwa, yana dakan bagaruwa, yana jure warin kwatarniyar da aka jiƙa fata a ruwan toka. Ranar da aka miƙa masa kartaji ya kankare gashi, in ya danna da ƙarfi ya huda fatar, in ya sassauta ya bar saura. Ba wanda zai rubuta maka wannan a allo. Maigida ne zai kama hannunka ya gyara maka riƙo, ya taɓa fatar da yatsa ya ce bagaruwa ba ta kama ba, a mayar. Haka rini: jan karan dafi, baƙin kuloko, rawayar gangamau, kowanne da gwargwadonsa, kuma gwargwadon yana cikin idon wanda ya tsufa yana yi. A rumfar baduku ma yaro zai share, ya yi aike, ya yanka tsirkiya, ya yi ta ɗinke layu da basilla kafin a yarda ya taɓa gafaka ko kube, balle kayan doki. A cikin kwana uku ko jimar fata ɗaya ba a gamawa yadda ya kamata. To me aka yaye?

Na san masu cewa da babu gara ba daɗi. Ku ajiye wagga magana. Kuɗin da aka biya otal da abinci da riguna masu tambari da alawus ɗin manyan baƙi, da an miƙa shi ga dattawan Madunka, unguwar dukawa a Sakkwato, da ya riƙe yara da yawa a gabansu shekara guda cur. Ba rashin kuɗi ba ne, inda ake zuba shi ne ba daidai ba. Masu cewa yaran yanzu suna boko kuma, wa ya hana boko da safe, rumfa da yamma? Haka muka ga ana yi da makarantar allo, ba wanda ya mutu. Wanda ya ce mini akwai YouTube, ba ni da amsar da zan ba shi sai in ce ya je ya gwada.

Ƙasashen da suka fi mu injuna ma ba su yi wannan sakarcin ba. Japan ta yi doka tun 1950, daga 1955 ta fara zaɓen gwanayen sana'o'in gargajiya, gwamnati tana ba kowannensu yen miliyan 2 duk shekara don ya ci gaba da aiki ya kuma horar da magada. Koriya ta Kudu ta bi sahu da tata dokar a 1962. Faransa tun 1994 take naɗa gwanayen sana'a, a haɗa kowane gwani da ɗalibi guda su yi shekaru tare. Ka lura, duk cikinsu gwanin ake girmamawa, shi ake biya, wurinsa ake kai yaro. Mu kuma mun ɗauko wanda bai taɓa ɗinka ko laya ba ya tsaya da na'urar haska bango yana bayani, gwanin yana zaune yana kallo.

Kuma ba sai mun je Japan aro ba, abin namu ne. Musa Ɗanƙwairo, da ya rasu a 1991, a gidansu ya tashi cikin kiɗa, ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa da yayansa kafin ya ja nasa ayarin. Malaman zaure har gobe ɗalibi yana durƙusawa gabansu ya sauke littafi bayan littafi kafin a ba shi izini. Ku dubi Inyamurai a kasuwa: yaro ya yi shekaru a shagon ubangidansa, in ya kammala a sallame shi da jari. Kowa ya riƙe nasa, mu ne muka mayar da namu bikin ɗaukar hoto.

Abin da nake roƙo ba shi da wuya, don Allah. A bi unguwa-unguwa a rubuta sunayen gwanayen da suka rage, majema da dukawa da maƙera da masaƙa da masu kotso da taushi. A ba maigida abin da zai riƙe gida duk wata, a ba ɗan koyo na abinci da na mota, don yunwa ce take korar yara zuwa kabu-kabu, ba ƙin sana'ar ba. A ƙulla yarjejeniya gaban mai unguwa da iyayen yaro, shekara uku ko huɗu. In lokaci ya yi, sarkin sana'ar da dattawanta su duba aikin hannunsa, su ne za su ce ya iya. Sannan a ba shi jari. Dattawan nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawansu a shirye suke su koyar, ba wanda ya zo ya tambaye su ne da mutunci.

Af, tun da an taɓo bagaruwa, masu sare ta suna yin gawayi ku ji tsoron Allah. Majemi ba ya aiki sai da 'ya'yanta, kuma iccen nan ba ya girma a damina ɗaya. Ga kuma fatun layya da ake barin su a rana ba gishiri har su lalace, wasu a kwashe a babbake a yi ganda. Wa ma yake koya wa matasa fiɗa yanzu? Rabin fatun da nake gani bayan Sallah duk wuƙa ta tsattsaga su.