Raɗin suna babu rago

Tunda hoton abin da ya fito a bango ranar buɗe ɗakin kwamfutocin makarantarmu ya riga ya zaga WhatsApp daga Nima har Madina a nan Accra, gara ku ji daga bakina, don wanda ake yawo da shi an zuba masa gishiri. Na farko dai, ban gudu ba. Fita na yi shan iska.

Kun san aikin. Tsofaffin kwamfutocin Dell goma sha biyu da kwamitin makaranta ya kwaso a Circle, inda ake cinikin wayoyi da kwamfutoci, aka ce in haɗa su a ɗakin sama na makarantarmu. Na zuba wa ɗaya Xubuntu, wani Linux mara nauyi, tunda Windows ya fi ƙarfin tsufansu, na kwafe ta kan sauran da manhajar kwafi ta Clonezilla. Sai duka sha biyun suka tashi da suna ɗaya, kamar gidan da kowane ɗa Muhammadu ne, ka kira ɗaya kowa ya amsa. Maimakon in bi su ɗaya bayan ɗaya, sai wayo ya motsa mini. Na share sunan da ke cikin /etc/hostname na kowacce, wato fayil ɗin da take ajiye sunanta, na ɗora dnsmasq, manhajar raba adireshi da suna, a kan wata kwamfutar da na tura ƙarƙashin tebur, ta zama uwar garke. Abin da ake kira DHCP ke nan: kwamfuta na tashi sai ta yi shela a waya, wa zai ba ni adireshi? Uwar garke ta duba lambar katin sadarwarta, ta miƙa mata adireshi, in kuma an rubuta mata suna a fayil ta haɗa mata da shi. Wadda ba ta da sunan kanta hannu bibbiyu take karɓa. Wato duk tashi sai an sake raɗin suna, ba rago, ba goro, ba liman.

To sunayen fa? Ƙarfe ɗayan dare nake rubuta su, ni kaɗai, cikina ba komai sai ataya kofi uku. Wadda fankarta ba ta yin shiru na sa mata hajiya-rediyo. Akwai wadda na so in sa wa sunan wani malami da laƙabinsa, Allah ya rufa mini asiri, sunan kwamfuta ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ, sai baƙaƙen Turawa da lambobi da ɗan karan tsakiya, na haƙura. Ta gaban allo kuwa, wadda sai ka kunna ta ka sauka ka sayi koko da ƙosai ka dawo ba ta gama tashi ba, ba sai na yi dogon tunani ba. Cikon kuɗina sidi 600 yana hannun wanda kuka sani, Alhaji shugaban kwamiti, wata biyu ke nan. Na rubuta alhaji-sai-gobe, na yi dariyata ni kaɗai, na kulle ɗaki.

Kada ku ce ban tuna ba. Na tuna. Daren jajibirin buɗewa na bi su duka da umarnin hostname mai sauya suna, wannan pc01, wannan pc02, har sha biyu. Kuma na sani sarai wannan sunan aro ne, kwamfuta na mutuwa ya tafi, sai an gyara fayil ɗin uwar garke. Na ce da safe. Ku ji fa, ni ma sai gobe na ce. Na bar su a kunne na tafi. Da safen kuwa aka mai da ni ɗan aike: kujeru, rumfa, ƙanƙarar sobolo, lasifikar da aka aro a masallaci.

Ɗaki ya cika maƙil. Alhazai huɗu a layin gaba da manyan riguna, iyaye mata a baya, yara a tsaye jikin bango. Ana tsakiyar jawabin shugaban kwamiti aka ɗauke wuta. Ba wanda ya damu, mu da muka ga dumsor, yawan ɗauke wutar nan na 2015, minti goma ai ba komai ba ne. Ni ma har da raha nake. Wuta ta dawo, yara suka ruga suna danna maɓallan kunnawa, ni kuma da hannuna na sunkuya na kunna uwar garke. Da hannuna. Ita kuma ta gaban allo, da yake ba ta san gaggawa ba, ko da ta zo tambayar suna ta tarar uwar garke ta shirya tsaf tana jiranta. Ita ce kuma ke haɗe da majigi, don wayar majigin nan ta tsaya.

Da na buɗe musu shafin rubutu ko wasan lissafi da an tashi lafiya. Amma ina, sai na ce bari dattawa su ga baƙin allon nan da muke rubuta umarni, su san sidi 600 ba a banza ba. Na buɗe, na juya ina fuskantar jama'a ina zuba bayani. Wani dattijo ya ce, «Ɗana, ƙara girman rubutun, idonmu ba na da ba ne.» Na ce to Baba. Ban ko waiga ba, na danna Ctrl da alamar tarawa. Ya ce ƙara. Na ƙara. Sau shida, ina murmushi.

Malamar aji uku ta ga dama ta samu, ta ce wa zai karanta wa baƙi abin da ke bango? Wata 'yar ƙarama mai farin hijabi ta ɗaga hannu. Wallahi har yanzu ina jin muryarta.

«Al... ha... ji... sai... go... be.»

Malama ta ce «Madalla, ku tafa mata!» kafin maganar ta isa kwakwalwarta. Yara suka tafa. Raf, raf, raf. Sannan ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai fankar hajiya-rediyo a can baya.

Na waiga. Kowane baƙi ya kai tafin hannuna. Abin da firgici ya fara sa ni shi ne danna Enter, kuma duk wanda ya taɓa wannan allo ya san Enter sabon layi take kawowa, da sunan a gabansa. Na danna, ya fito. Na sake, ya sake. Kafin in ankara Alhaji ya jeru sau tara daga sama har ƙasa kamar allon makarantar allo. Na rubuta clear. Komai ya share, sai layi ɗaya tak ya rage a can sama, shi kaɗai, ya samu fili. Na ce to bari in yi ta gaske, na rubuta hostnamectl da sabon suna, ta nemi kalmar sirri. Kun san in kana rubuta ta ba abin da ke fitowa. Wata uwa a baya ta ce, «Wayyo, ya lalata ta ma.» Umarni ya shiga lafiya lau, amma allon da ke buɗe sunan da ya tashi da shi yake riƙewa, sai an rufe an buɗe sabo. Na san wannan. Na koya wa mutane wannan. A lokacin ko sunan kakata aka tambaye ni ba zan kawo ba.

Abin da ya kusa cetona shi ne alhazan huɗu ne. Kowanne ya juya yana kallon na kusa da shi, don ashe kowa da wanda yake ce wa sai gobe. Na ga ƙofa, na ce, «Alhaji, ku yi haƙuri, ƙwayar cuta ce ta shiga, haka suke zuwa daga Circle.» Har an fara gyaɗa kai.

Sai ɗan 'yar uwar shugaban, wanda ya yi karatu a Kumasi, ya miƙe. «Kawu, ba cuta ba ce. Wannan sai mutum ya zauna ya rubuta da hannunsa.» Wa ya tambaye shi? Wannan yaron fa ni na koya masa saka batirin linzami. Shi ya so a ba shi aikin, ya kawo lissafin da ya ninka nawa, aka ƙi. Shi ne ya ari cazar kwamfutata tun kafin korona, mai ƙaramin baki, ta asali, har yau in na tambaya sai ya ce tana wajen wani abokinsa a Fadama. Ranar ɗaurin aurensa ni na riƙe janareta har sha biyun dare, ko waakye, shinkafa da wake, ba a ajiye mini ba, sai ƙanzo da rabin ƙwai. Kuma shi ya ɗauki hoton, kada ya musa, ga hannun agogonsa nan a gefe. Mutum ya tsaya ya gyara haske ya ɗauka sau biyu.

Alhaji bai ce uffan ba. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake karantawa a nutse. Sannan ya ce a yi addu'a a rufe taro. A nan ne na fita shan iskar.

Yau kwana tara. Fayil ɗin yana nan yadda yake, don makullin ɗakin yana hannun Alhaji, ni kuma na koma bin ta bayan kasuwa in zan je masallaci. An ce yara sun daina cewa pc01, wai faɗa suke kada a zaunar da su a kan Alhaji. Ta bakwai kuma, wato hajiya-rediyo, ba wanda ya buɗe baƙin allonta tukuna, kuma Hajiyar ce ke kula da sharar ɗakin.

Wanda zai je Fadama cikin satin nan ya yi mini magana. Cazar baƙa ce, an naɗe wuyanta da jan salatif.