Ba yunwa ba ce, siminti ne

To ai kun ga bidiyon. Ƙato da gemunsa yana jifan damo da tsakuwa a gidan namun daji, wai ya biya kuɗin shiga, dole dabba ta motsa. Sai malaman Facebook suka fito, kowa ya zama likitan dabbobi: wai ma'aikata sun cinye kuɗin abinci, shi ya sa damo ya yi lamo. Sannunku da ilimi.

Damon da kakanninmu suka naɗa sarkin haƙuri, a ina kuke zaton ya samo sarautar? Rani na shiga yake faɗawa rami, ya daina ci, ya rayu da kitsen da ya tara da damina har ruwa ya sauka. Jikinsa ba ya haɗa zafin kansa kamar namu, yanayi ke juya shi. Haka babban kunkurun nan namu na Sahel, na uku a girma a duniya, rami yake haƙawa mai zurfi ya tsere wa ranar Afrilu.

Ni ba kwanciyar ce ta dame ni ba. Ku sake kallon bidiyon, ku dubi ƙasa. Siminti! Dabbar da Allah ya yi ta don haƙa, an ɗora ta kan siminti a zafin da ke wuce digiri 40. Ina za ta shiga? Ku ba ta ƙasa. Ko kun jibge mata kaji goma, ƙasa take nema.

Wani zai ce mutane ma ba su ƙoshi ba ana zancen ƙadangare. Naji. Tifar yashi nawa ce?

A Turai masu kiwon kunkuru har firji suke sa nasu lokacin sanyi ya yi dogon barci, wajen digiri 5, suna auna nauyinsa lokaci lokaci, don an gano hutun nan na taimaka wa haihuwarsu. Namu ba sanyi yake gudu ba, kada wani ya kwaikwaya. Sikeli kawai za mu ara. Wallahi tausayi abin ya ba ni, dabba na bin halittarta ana jifanta.

Wai har yanzu ana tono gaiwa cikin busasshen laka a bakin kogin Logon? Ina yaro kawuna ya fasa wani dunƙule a gabana, kifi ya fito da ransa, na kwasa da gudu na bar takalmi ɗaya.