Shanyewar ɓarin jiki ba bugun iska ba ne

A Kano, idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, baki ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, sai ka ji an ce iska ce ta buge shi. Alhali cutar ta daɗe tana tafe.

Yawanci hawan jini ne. Shekara da shekaru jini na matsa bangon jijiyoyi da ƙarfi, bangon ya yi kauri, hanyar ta ƙuntata, mutum kuwa yana zuwa Kantin Kwari lafiya lau, ko ciwon kai babu. Rana ɗaya jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini ta toshe ko ta fashe. Inda jini ya daina isa, cikin mintoci wurin ke fara mutuwa. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya ɓarin dama na jiki, kuma ga yawancin mutane nan magana take, shi ya sa shanyewar dama kan tafi da magana.

Abin da ke ci mini rai shi ne awannin da ake ɓatawa ana turare. A yi addu'a, amma a garzaya da shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Mai lafiya kuma ya riƙa awon hawan jini, in yana yawan kai 140/90 ya ga likita.