Talo-talon da ya sa surukata kiran Kano

Tunda abokina Dakta ya riga ya watsa bidiyon talo-talon da na gasa a guruf, har da ɗora masa kiɗa, bari ku ji zancen daga bakin mai shi. Bidiyon nan yankakke ne. Bai nuna wanda ya murɗa oben ba.

Kun san uwargida na jego, kun san surukata Hajiya ta zo daga Kano wanka, kun kuma san bikin Godiya na Amurkawa da ke faɗowa Alhamis ta huɗu a Nuwamba: ba aiki, ba makaranta, yawancin kantuna a rufe, kowane gida talo-talo. Mu kuwa da ke Minnesota, jihar da ta fi kowace jiha kiwonsa a ƙasar nan, ko ka toshe kunne sai zancensa ya same ka. Bayan Juma'a ana tsaye a ƙofar masallaci aka ce gidan wa za a taru bana, na ce gidana. Aka ce madam fa? Na ce ni da nake tsayawa kan rago guda ranar Babbar Sallah tun daga fiɗa har suya, tsuntsu ne zai gagare ni? Magana ta fita.

Daren Laraba na biya kantin halal na wani ɗan Somaliya a Minneapolis na karɓo shi. Fam 16, kilo 7 da 'yan kai ke nan, a daskare. Zan fita mai kantin ya ɗaga murya ya faɗa mini wani abu, amma layi ya yi tsawo, kuma turancinsa da nawa ba su taɓa jituwa ba. Na ce masa in sha Allah, na wuce. Daga baya na gane cewa yake ai tun Lahadi ya kamata in zo. Da na dire shi a kan kantar kicin sai da Hajiya ta leƙo daga ɗaki tana tambayar me ya faɗi.

Na tura shi firji na kwanta. Da asuba na ƙwanƙwasa shi, ya amsa.

A lokacin na shiga intanet. Ashe kowane fam 4 zuwa 5 sai ya kwana guda cur a firji kafin ƙanƙararsa ta saki, wato nawa kwana huɗu yake bukata. In kuma lokaci ya ƙure maka, sai ka nutsar da shi a ruwan sanyi cikin ledarsa, kana sauya ruwan duk rabin awa, kowane fam kuma rabin awa. Awa 8. Kwatamin kicin ya yi masa kaɗan, don haka na kai shi bahon wanka na sakar masa famfo.

Bahon wankan da ake wa mai jego wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa. Wannan bahon. Ina zaune a falo na ji Hajiya ta buɗe ƙofar banɗaki, shiru ya biyo baya, sannan ta rufe a hankali. Ba ta ce mini komai ba, ai ba ta taɓa ce mini komai kai tsaye ba. Ɗaki ta shiga, na jiyo ta tana ce wa 'yarta, "Wai baƙo muka yi ne? Na ga an riga mu shiga." Na je na ɗauko baƙona yana ɗigar ruwa.

Daga waje ya ɗan yi laushi, to ni wajen nake gani. Na shafe shi da man shanu, tafarnuwa, citta, masoro, sannan na zazzage masa yajin ƙuli-ƙulin da Hajiya ta taho da shi. Yanzu ana cewa wai na mai jego ne. Ba a rubuta a jikin kwalbar ba. Na tura hannu cikinsa na ji wani abu dogo a maƙale, na sa filaya na fizgo, ashe wuyansa ne suka cusa a ciki. Na ce madalla, ciki ya zama fayau. Na saita oben a 325 na ma'aunin Fahrenheit kamar yadda kowa ya ce, na cusa shi, na rufe. Wanda ya narke sosai a wannan girma awa huɗu ne ko kusa da haka. Wanda bai narke ba sai an ƙara masa aƙalla rabin lokacin. Na yi lissafi na ga in Allah ya so wajen isha'i mun ci. A nan kuwa magariba tun huɗu da rabi take yi a wannan wata, don haka isha'in ma ba dare ba ne. Da an bar ni da lissafina da yanzu ba wannan labarin ake ba.

Sai ga Dakta tun kafin azahar.

Kun san shi. Mutumin da ya zo digirin digirgir tun ɗana na fari yana rarrafe, yanzu yaron na karanta Ƙulhuwallahu, shi kuwa har yau yana "babi na uku". Mu muka sa masa Dakta don mu ƙarfafa masa gwiwa, shi kuma ya karɓa ya buga a katinsa. Taron mutum goma sha wani abu, ya shigo da lemo kwalba biyu, ɗaya ma ya buɗe ta a mota. Wannan Daktan ne ya ari babbar kulata ranar sunan ɗan ƙanensa, mai murfi ja, wadda uwargida ta sako a akwatinta tun daga kasuwar Sabon Gari aka biya mata kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi. In na tambaye shi sai ya ce tana but. Na buɗe but ɗin nan da hannuna ranar da na taya shi canza taya, babu abin da ke ciki sai takalmin ƙwallo da buhun gishirin da ake zuba wa ƙanƙara. Da na ce ina kular, ya dube ni ya ce, "Wace kula kuma, mutumina?" Mutumina! Ni da na ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya fara sauka ƙasar nan da silifas a watan Janairu, na cire rigar sanyina na ba shi. Rigar ma, tunda zance ya zo.

To shi ne ya ja kujera ya zauna a gaban oben yana buɗewa yana rufewa. Duk buɗewa zafi na fita, na faɗa masa. Ya ce shi a fannin kimiyya yake, wutar ce ta yi kaɗan. Na ce kada ya taɓa. Na shiga alwalar la'asar.

Raka'a ta uku nake na ji na'urar hayaƙin da ke manne a silin ta tsandara ihu. Ta falo ta amsa, ta ɗakin yara ta amsa. Jariri ya farka ya shiga sahu. Na sallame na fito na tarar da oben a 450, Dakta yana fifita silin da sallayata. Yajin ƙuli ai gyaɗa ne, gyaɗa kuwa ba ta san wasa da wuta ba. Tsuntsun ya yi baƙi ƙirin. Aka buɗe tagogi, sanyin Minnesota ya shigo gidan da ke da mai jego. Hajiya ta fito ta wuce ta gabanmu ba ta dubi kowa ba, ta rufe tagogin ɗaya bayan ɗaya, ta koma. Muka zauna cikin hayaƙi muna tari cikin ladabi.

Ihun ne ya hawo da Baturiyar nan ta ƙasa, tsohuwar da ke kawo mana biskit. Ta leƙa oben, ta dube ni, ta koma gidanta ta dawo da foyil da wani ɗan tsinken ƙarfe mai agogo a kai, ma'aunin zafin nama. Ta lulluɓe ƙirjin, ta mai da wuta 325. Hajiya, wadda ba ta jin turanci ko na gaisuwa, ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da ita. Ban san da wane yare suka yi hira ba, amma sau da yawa na ga sun dube ni a tare.

Bayan magariba gida ya cika, yara sun cinye cincin, manya sun fara kallon agogo a fakaice. Dakta ya ce ai ko daga ƙamshi an san ya nuna. Na fito da shi a babban tire na ajiye tsakiyar falo kan ledar cin abinci. Ku tuna ina sanye da farar shadda, a kanta kuma atamfar girkin uwargida mai furanni, don ita kaɗai ce a gidan. Aka ce a kira Hajiya ta sa albarka. Ta fito da jikanta a kafaɗa ta tsaya daga bakin ƙofa.

Na durƙusa, na yi bismilla, na sa wuƙa a ƙirji. Sama ya ɓare yana ƙaras-ƙaras. Na ce kun gani. Na gangara cinya. Wuƙa ta shiga, ta shiga, ta tsaya. Na danna. Wani jan ruwa ya biyo ta ya kwanta a tire. Baturiya ta taso da tsinkenta, ta soka a kaurin cinyar, inda bai taɓa ƙashi ba, muka yi tsit muna kallon allurar kamar masu jiran sakamakon asibiti. Ta ce sai ya kai 165 ake ci. Ta karanta abin da ta gani da ƙarfi. Bai kai ɗari ba. Wani yaro ya fassara wa uwarsa da Hausa, uwar ta fassara wa Hajiya, ko da yake Hajiya ta ji na yaron.

Da a nan aka tsaya da na shanye. Sai na ce bari in juya shi in nemo inda ya fi nuna. Ina ɗaga fatar da ke wajen wuya na ga gefen wani abu fari. Na ja. Ya biyo. Na ƙara ja. Wata 'yar jaka ce ta takarda, a naɗe, a ɗaure, ta jiƙe da mai, tana tururi daga waje. Na ɗaga ta sama tsakanin yatsu biyu, don ni ma ban san mece ce ba, falo kuma ya yi shirun da har ana jin firji.

Hajiya ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta juya jariri ta rufe masa fuska da mayafi. Ta ja baya taku biyu. Sannan ta dubi 'yarta, ni kuwa ina durƙushe a gabanta ba nisa, da wuƙa a hannu ɗaya, ƙunshi a ɗaya, furanni a ƙirji, ta ce, "Tambaye shi, wa ya ba shi kazar nan?"

Uwargida ta ce, "Wai wa ya ba ka?"

Na ce, "Saya na yi, Hajiya."

"Tambaye shi, ya san mutumin?"

"Wai ka san shi?"

Na ce muna gaisawa.

"Suna gaisawa," in ji Hajiya, ta girgiza kai. "Tambaye shi, da wa yake rigima a wurin aiki?"

Jama'a, shekarun da na yi ina gina mutuncina a gaban matar nan. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ban taɓa shiga inda take da takalmi ba. In za mu gaisa har ƙasa nake kaiwa, idona a kan tabarma. Yau ga ni ina rantse-rantse a kan laya a cikin tsuntsu. Baturiya ta gane an shiga wani hali, ta karɓi ƙunshin ta farke shi a faranti: hanta, ƙundu, zuciya. Ta yi bayani yaron nan ya fassara, wai haka kamfani ke yi wa kowane talo-talo, wuya a babban rami, kayan ciki a jaka ta wajen wuya, ana cire su kafin a gasa a yi romo da su. Ta ƙara da cewa mun yi sa'a ta takarda ce, da ta leda ce ta narke a ciki da sai dai shara. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta leƙa farantin daga nesa, ta ce, "To ita hantar, wa ya naɗe ta?" Ta shige ɗaki tana karanta Ayatul Kursiyyu. Ba a jima ba muka jiyo ta a waya. A Kano dare ya raba, amma an ɗauka.

Duk wannan Dakta na tsaye a kan kujerata da waya a hannu. Dariyar da kuke ji a bidiyon, wadda ke sa hoton rawa, tasa ce.

Taliya aka dafa. Uwargida ta tashi da jegonta ta fasa ƙwai, Baturiya ta kawo wata jar miyar 'ya'yan itace mai tsami da suke ci da naman, ba wanda ya san abin da zai yi da ita sai Dakta, ya shafa a burodi.

Washegari ina barci Hajiya ta datse tsuntsun gunduwa-gunduwa, ta kankare baƙin, ta yi farfesu da daddawa da attaruhu, ya dahu har ƙashi. Ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba, amma ai yajina ne ya riga ya shige shi. Ita ba ta ci ba. Kafin azahar mahaifiyata ta kira daga gida tana tambaya ko ina yin azkar ɗin safe, ƙanwata kuma ta turo saƙo wai an ce an samu allura bakwai a ciki.

Jiya na koma kantin sayen nama, ɗan Somaliyan ya tambaye ni ko zan sa sunana a talo-talon ƙarshen shekara. Wannan karon na ji shi sarai. Na ce zan yi shawara. Wanda ya san abin da ke fitar da ƙonannen ƙuli daga jikin oben ya yi mini magana ta gefe, mai gidan haya zai zo dubawa ranar Talata.